Motar Kamfani Ko Kuɗin Mota?

A shekarar 2021 manajanmu a Kaduna ya kira ni ofis, ya ce, "Malam, ka kai matsayin da ake ba da mota. Ko dai mu ba ka ɗaya daga cikin waɗanda muka ɗauko haya, mai da gyara da inshora duk a wuyan kamfani, ko kuwa mu ƙara maka alawus a kan albashi, ka nemi taka."

Ban yi dogon tunani ba, domin na tuna da mahaifina. Shekara da shekaru yana hawan Peugeot 504 ta ma'aikata, irin wadda ake haɗawa a nan Kaduna a wancan lokacin, amma ran da ya yi ritaya sai ya miƙa makulli, ya dawo gida a tasi. Tun daga ranar yake ce mana kayan aro ba ya rufe katara. Ita ma gwamnatin tarayya ai tun 2003 ta soma mai da motoci da gidajen ma'aikata zuwa kuɗi. Saboda haka na zaɓi alawus, na ci bashi, na sayi 'yar Kwatano.

Shekara biyu ina jin daɗi, har ina yi wa abokin aikina dariya, shi da ya karɓi ta haya. To, a ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500. Darajar Naira ta faɗi, kayan gyara a Panteka suka yi tashin gwauron zabo, alhali alawus ɗina yana nan inda yake. Da giyar motar ta lalace, sai da na zaɓa tsakanin gyara da kuɗin makarantar yara. Na jingine ta wata huɗu ina hawan motar haya, abokina kuwa ko a jikinsa. Nan na gane cewa wanda ya karɓi kuɗi, shi ya ɗauki nauyin duk abin da kasuwa za ta zo da shi.

Amma fa a 2024 aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da mu duka biyu. Shi a ranar aka karɓe makulli. Ni tawa, duk da tsufanta, da ita nake kai kaya kasuwa ina ciyar da iyali.

Mai karatu, in an ba ka wannan zaɓi, kada ka yi gaggawa irin tawa. Tambayi ko alawus ɗin zai riƙa tashi tare da farashin mai, kuma ko za a sayar maka da motar hayar in wa'adinta ya cika. Duk amsar da aka ba ka, ka ce a rubuta ta a takarda.