Hoto Ɗaya Kowace Rana a Titin BUK

Da mahaifina ya rasu a ƙarshen 2012, mun bincike gida kaf ba mu sami hotonsa ba sai na jikin katin zaɓe. Shekara da shekaru yana zama a ƙofar gida kan buzunsa bayan la'asar, amma babu wanda ya taɓa ɗaukarsa a haka, don kullum muna ganinsa. Abin ya tsaya mini a rai. Ranar 1 ga Janairu, 2013 na ɗaura niyyar ɗaukar hoto ɗaya kowace rana da 'yar Nokia ɗina, a hanyata daga Ɗorayi zuwa wurin aiki kusa da Ƙofar Nasarawa.

Hotunan makonnin farko cike suke da 'yan acaɓa, cincirindo a Kabuga, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda hunturu. Ranar 19 ga watan aka kai wa tawagar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah Ya jiƙansa, kuma cikin 'yan kwanaki aka hana goyo a babur. Hotunan Fabrairu sai suka koma ruwan ɗorawa, Adaidaita Sahu ko'ina. Ban shirya rubuta tarihi ba, amma ga shi nan a wayata, ranar da acaɓa ta ƙare a birnin Kano.

A lokacin, ɗaga waya a titi ba ƙaramin abu ba ne. Wata safiya wani jami'in tsaro ya tsare ni a shingen bincike, ya karɓi wayar yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, gabana na faɗuwa. Ya daɗe a kan hoton furen tumfafiya, sannan ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ka riƙa kula da inda kake ɗauka." Daga ranar na daina ɗaukar gine-gine, na koma kan itatuwa da ciyayi.

Nan ne idona ya buɗe. Tumfafiyar da muke gani a kan juji muna wucewa, ashe furenta fari ne mai baki shunayya, kunnuwa biyar, kamar an zauna an yi masa ɗinkin hannu. Mangwaro yana fure cikin hazo, darbejiya kuma sai zafi ya kunno kai take fitar da ƙananan fararen furanninta, ƙamshinsu ya cika titi da asuba. Akwai wani gawo da na bi wata goma sha biyu: da damina ya kaɗe ganye ya tsaya tsirara, da rani kuma ya yi kore shar.

Amma inda zuciyata ta fi zama shi ne wani kududdufi a gindin badala, tsakanin Ƙofar Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa. Da damina bado yake rufe shi, fararen furanni a buɗe da sassafe, kafin rana ta take sun tsuke. Wani dattijo yakan zauna a bakinsa da ƙugiyarsa. Kullum sai na gaishe shi, ya ce, "Ɗan nan, yau ma furen ka zo wa?" In ce, "Shi ne, Baba." Wata rana ya tsinko mini guda, na riƙe, jijiyarsa doguwa mai santsi, ruwa na ɗiga a hannun rigata.

Sai aka fara zuba shara a gefe. Bayan shara, tifa ta kawo ƙasa. A hotunana ana ganin ruwan yana tsukewa shekara bayan shekara, har ya zama ɗan taɓo, aka kafa harsashi. Yau shaguna ne a wurin. Wannan ya yi mini ciwo, domin kududdufan nan su ne suke shanye ruwan sama, kuma daga ramukansu kakanninmu suka ɗebi ƙasar ginin badala da gidajen birni. Baban nan ban sake ganinsa ba, ban kuma san sunansa ba, amma ina da hotonsa goma sha ɗaya.

Na canza waya sau huɗu, hotunan suna nan a kwamfuta, kuma har gobe ban fasa ba. Mai karatu, in mahaifinka ko mahaifiyarka na raye, yau da la'asar ka ɗauke su hoto a inda suka saba zama.