Ranar da Baƙi Suka Zama Baki

Shekara goma sha takwas ke nan ina koyarwa, amma sai bara ɗalibaina suka nuna mini ban san harafi ba.

An ɗora mini kula da ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu, aka ce mu tsara katin gayyata na ranar ba da kyaututtuka. Yara huɗu suka zauna gaban kwamfuta, kowa da zubin haruffan da ya burge shi, har katin ya tashi da zubi biyar kamar zanen 'yar talla. Ni kuwa na yaba, domin a ganina ado ne.

Muka kai wa wani dattijo mai maɗaba'a. Ya duba, ya ce, "Malam, wa zai karanta wannan?" Nan ya zaunar da mu. Ya ce zubi biyu sun isa: ɗaya na kai, ɗaya na bayani. Ya nuna mana haruffa masu 'yan ƙafafu irin Times New Roman, wanda jaridar Times ta Landan ta fara amfani da shi a 1932, da marasa ƙafafu irin Arial. Ya ce da poyin ake auna harafi, 72 ke yin inci guda, kuma 11 ko 12 ya ishi littafi. Ya ƙara da cewa layi ma yana son tazara, in an cunkushe shi ido ya gaji.

Sa'an nan ya ɗora yatsa a layi na uku. Ashe zubin da yaran suka zaɓa ba shi da ƙ mai lanƙwasa, sai suka sa k kawai. Maimakon "manyan baƙi", mun rubuta "manyan baki", alhali hakimi ne babban baƙonmu! Gumi ya karyo mini. Da kati ɗari uku sun fita haka, ina zan sa kaina?

To, 'yan uwana marubuta, mukan kwana muna gyaran labari, mu bar zubinsa ga mai buga mana. Kafin ka amince da kowane zubi, rubuta ɓ da ɗ da ƙ ka gani ko yana da su. Akwai irin su Gentium da Charis, kyauta ne, kuma ba su yar da lanƙwasa.

Yanzu ɗalibaina kan tsaya gaban allon shago su nuna mini ƙugiyar da ta ɓace. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.