Zauren kaka da masallacin Yama

Ya kai mai karatu, in zauren da kakanka ya gina yana nan tsaye, saurara. A cikinsa anka raɗa wa babanka suna, a cikinsa anka ɗaura aurenka. Amma yau samari na cewa ginin laka na talaka ne. Da sun komo ci-rani da ɗan kuɗi, sai su rushe shi su aza kwano.

Ka san Yama, can ƙasar Illela? A 1962 mutanen garin sunka sa Falke Barmu, manomi kuma magini, ya gina musu masallacin Juma'a. Wasu na yin tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. A 1975 ya sake rufin da baka da tulluwa. Daga baya ya tada hasumiya huɗu, kowace da kamarta. A 1986 anka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda manyan maginan duniya ke nema. Laka ce fa, irin ta bayan gidanka!

A Dandaji ma ba a rushe tsohon masallacin laka ba. An gyara shi, ya zama ɗakin karatu a 2018. Mu malaman yaƙi da jahilci, wannan ya yi mana daɗi ƙwarai.

Na sani, yaɓe wahala ne, gara kuma ba ta barci. Amma shiga ɗakin kwano da bazara, sa'an nan ka shiga soro, jikinka zai gaya maka. Kafin ruwan fari, hau ka duba indararo, ka toshe tsaga. In tsohon maginin unguwarku na da rai, tura mishi yaro guda ya riƙa miƙa mishi laka.