Ghana da jakar goyo: Abin da na manta a Legas

A makon jiya wata uwa daga Agege ta aiko min da tambaya. Ɗanta ya gama jami'a, ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya saɓa jaka ya zaga Ghana ta mota, ita kuma hankalinta ya ƙi kwanciya. Wai ta bar shi ko ta hana? Hajiya, ni ma na taɓa yin irin wannan tafiya, bari in ba ki labarin, ke da sauran iyaye.

A 2017 ne, bayan na gama bautar ƙasa, ni da ƙanena. Kowa da jakar goyo ɗaya, guzirinmu abin da na tara daga alawus, sai sharaɗin Baba cewa kullum mu kira gida kafin isha'i. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma boda uku za ki tsallake: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo. Mun tashi da asuba, ba mu shiga Akra ba sai dare. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo ne da katin rigakafin cutar shawara. Tun a tasha wani ya yi mana tayin katin, har da hatimi, ba sai an yi allura ba. Kada ki bari ɗanki ya saya. Allurar sau ɗaya ake yi, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 katin na aiki har ƙarshen rayuwa. Cutar tana nan: a ƙarshen 2021 ta ɓarke a arewacin Ghana, an rasa rayuka.

A Nima muka sauka, unguwar da Hausa ke tashi ta ko'ina. Sai dai Hausarsu ba ta damu da bambanta mace da namiji ba, ranar farko da na ji ana cewa "ya zo" ana nuna ni, sai da na waiga. Da safe koko da ƙosai, wanda duk ƙasar ke kira "Hausa koko". Da rana wace, wato shinkafa da wake da ake dafawa da ganyen dawa har su yi ja, sunan ma daga waken namu ya samo asali. Da abincin bakin titi da ƙananan motocin haya da suke kira torotoro, kuɗinmu ya yi auki fiye da yadda muka zata. Mun je Elmina, mun shiga ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Ƙanena mai surutu ne, amma ranar har muka koma masauki bai ce uffan ba. Daga nan sai Kumasi, da kasuwar Kejetiya, da goro tuli irin wanda kakanninmu fatake suka riƙa tako ƙasa dominsa.

A tashar Kumasi na yi kuskuren. Rana ta take, ga wata mai zoɓo, sobolo a bakinsu, ƙulle a leda da ƙanƙara, da arha. Ban tambayi kaina da wane ruwa aka yi ƙanƙarar ba. Muka hau motar Tamale. Kafin mu wuce Kintampo cikina ya fara murɗawa, kafin mu isa na roƙi direba ya tsaya sau biyu, kuma duk macen da ta taɓa yin wannan roƙo a motar haya ta san nauyinsa.

Cikin dare muka kama ɗaki mafi arha, bayi ɗaya na kowa da kowa a ƙarshen baranda. Gudawa da amai. Na zazzage jaka: ga farasitamol, ga maganin zazzaɓin cizon sauro, ga filasta, ga takalma har ƙafa uku. Babu ORS ko ƙulli ɗaya. Ni da na karanci haɗa magunguna, ni da kullum nake wa iyaye mata faɗa a kan ruwan gishiri da sikari, na baro shi a Legas don a raina na yara ne.

Ƙanena ya rikice, yana cewa, "Yaya, bari in fita neman kemis in sayo Flagyl." Na hana shi. Yawancin gudawar matafiya tana tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki, kuma Flagyl ba maganin kowace gudawa ba ne. Abin da ke kayar da mutum shi ne ruwa da gishirin da jiki ke zubarwa. Wata dattijuwa da ke girki a gidan ta jiyo mu, ta fito da fitila. "Sannu 'yata, me za a kawo?" Na ce, "Mama, sikari da gishiri da ƙaramin cokali." Fiya wata biyu lita ɗaya ke nan. Muka zuba sikari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali, ba a ƙara, don gishiri in ya yi yawa shi ma illa ne. Na riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, in na yi amai in jira minti goma in ci gaba. Ta zauna da ni har kiran assalatu. Mun yi da ƙanena cewa in ya ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko na daina fitsari, ko ruwan ya ƙi zama sam, asibiti za mu nufa ko da kuɗin komawa gida ne za mu kashe. Allah Ya taƙaita, ba a kai ga haka ba.

Amma zoɓon ya ci kwana biyu, ya kuma ci kuɗin ɗaki mai bayi a ciki da dole muka koma. Da na miƙe mun je Larabanga mun ga tsohon masallacin ƙasa mai farin shafe da itatuwa a jikinsa, mun shiga dajin Mole a ƙafa bayan mai gadi da bindiga, muka tsaya muna kallon giwaye suna wanka. Salaga kuwa, tsohuwar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja da na fi ƙwallafa rai a kai, kuɗi bai kai mu ba.

Don haka Hajiya, ni dai a ganina ki bar shi ya je, in da hali da abokin tafiya. Amma ki zauna ku haɗa jakar tare. ORS ƙulli goma ba su kai nauyin takalmi ɗaya ba. A sa gidan sauro, don masaukin arha ba kasafai ake samu ba, kuma in zazzaɓi ya zo ya yi gwaji kafin ya sha magani. Duk maganin da yake sha kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, kuma ko da wasa kada ya karɓi saƙon magani daga hannun kowa ya tsallaka boda da shi, musamman tiramadol. Ruwa kuwa sai wanda ya buɗe da hannunsa, ƙanƙara ya haƙura da ita. In ya isa Salaga, ya turo min hoto.