Kaset ɗin Barmani da muka tarar a akwatin Iya

Mu uku ne aka tura daga Makarfi zuwa Hunƙuyi, a Ƙaramar Hukumar Kudan, a dogon hutun da ya wuce, domin mu taya kakarmu zama saboda ciwon ƙafa da ya kwantar da ita. Iya muke ce mata. Ubanmu ɗaya, amma ɗakuna biyu muka fito: biyu 'ya'yan Umma, ɗaya 'yar Inna. Mun tafi ne muna gunaguni, don a ganinmu hutu ya lalace.

Ranar da muka cika kwana huɗu, Iya ta sa mu fito da kayan ɗakinta a shanya. A ƙasan wani tsohon akwatin ƙarfe, cikin zannuwan da suka sha turare, muka ci karo da kaset ɗaya naɗe a ƙyalle. Rubutun jikinsa ya koɗe, amma ana iya karanta sunan Barmani Choge. Ƙaramarmu ba ta ma san yadda ake riƙe shi ba. Muka kai wa Iya muna dariya, muka ce, "Iya, ga kayan tarihinki. Mu jefar?"

Ta miƙo hannu da sauri ta karɓe. "Ku jefar da wayoyinku tukuna, kishiyoyin banza," in ji ta. Haka take kiranmu cikin wasan kaka da jika.

Muka ce ai in waƙoƙin take so, duk suna YouTube, yanzu za mu nemo mata. Ta ce ita nata take so, wanda ta saya da kuɗinta. Rediyon gidan kuwa ya daɗe da mutuwa. Sai da aka kira Goggonmu da ke aure a Ikara, ita ce har yanzu take da rediyo mai cin kaset. Bayan kwana biyu ta iso da shi cikin buhu, da manyan batura. Zaren kaset ɗin ya yi sako-sako, Goggo ta zura biro a ramin ta yi ta murzawa har ya ɗaure. Mu dai kallo muke yi kamar ana haɗa magani.

Gaskiya kafin wannan rana, abin da muka sani game da Barmani bai wuce guntayen da ake ɗorawa a kan bidiyon barkwanci ba. A wajenmu waƙar tsofaffi ce, ta gidan suna. Lokacin da ta rasu a watan Maris na 2013 ko karatun firamare ba mu yi nisa ba. Mun taso ne da waƙoƙin fina-finai da na situdiyo, waɗanda kwamfuta ke yi wa kiɗa tana kuma gyara muryar mawaƙi.

Bayan La'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Goggo ta danna. Aka fara jin shuuu na tsohon zare, sai kiɗan ƙwarya ya shigo, sai muryar. Dariyar da muka tanada ta maƙale. Murya ce mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda ba ta roƙon a saurare ta. Tana fita kamar ta uwar gida da ke ba da umarni daga bakin murhu a ji ta har zaure. Babu fiyano, babu na'urar da ke lallashin sauti. Ƙore ne kawai da matan da ke amshi, sai guɗa da ke tsaga waƙar jefi-jefi. In ta ja numfashi ana ji. In ta yi dariya a tsakiyar baiti ana ji. Ba a goge komai ba.

Iya ce ta yi mana bayanin kiɗan. Amada ake ce masa, kuma na mata ne. Ana kife ƙore manya da ƙanana, wata a kan ruwa cikin babban mazubi don ta ba da amo mai zurfi, a riƙa bugu da 'yan sanduna. Kayan da mace ke auna hatsi da dama fura da su, su ne kayan kiɗan. Ta ce kafin Barmani ta yi tashe akwai Uwaliya Mai Amada a Kano. Ita kuwa Barmani, sunanta na yanka Sa'adatu, mutuniyar Funtuwa ce a Jihar Katsina, kuma tun shekarun 1970 ake kiranta biki da suna a garuruwan Arewa. A lokacin da manyan sunaye a waƙar Hausa maza ne irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, ita da ƙorenta ta sama wa kanta wuri.

Kaset ba ya barin mutum ya yi tsalle-tsalle kamar waya. Dole ka zauna ka bi shi har gefe ɗaya ya ƙare, a juya. Wannan zaman dole shi ya sa muka ji abin da take faɗa. Da aka zo kan "A Kama Sana'a Mata", Iya ta ɗaga hannu ta ce a ƙara sauti. Waƙar tana zaburar da mata ne su nemi na kansu, kada su zauna komai ƙanƙantarsa sai sun jira miji. Iya tana daga kwance tana amshi, tana kaɗa ƙafar da ke da lafiya.

Da aka kai ƙarshe ta ce, "Kun san da me na sayi kaset ɗin nan? Da ribar ƙuli-ƙuli." Ta ba mu labarin shekarun da ta yi tana soya gyaɗa, tana matse mai, tana ba yara talla, tana zubin adashe. Shekarar da gona ba ta yi kyau ba, kwasar adashenta ce ta ɗinka wa Babanmu kayan makaranta, ta saya masa littattafai. Ba ta taɓa fita kasuwa ba, duk daga cikin gida ne. Mun san Baba ya yi karatu, amma ba mu taɓa tambayar wa ya biya ba. Muka dubi hannuwanta, duk tabon mai.

Ba duk abin da ke cikin kaset ɗin ne ya yi mana daɗi ba, kuma ba za mu ɓoye ba. Akwai inda Goggo ta yi wuf ta danna gaba, ta ce wannan ba na kunnen yara ba ne. An san Barmani da rashin ɓoye-ɓoye, kuma akwai masu ganin ta wuce gona da iri. Sannan aka zo kan waƙar habaici ga kishiya. Nan tsakar gida ta yi mana tsit. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya, muke cin tuwo kwano ɗaya, sai ga shi kowa ta sunkuyar da kai, domin uwar ɗayarmu ita ce kishiyar uwar sauran.

Iya ta lura. Ta sa aka tsayar da rediyon. Ta ce, "Ku ɗago kanku, 'yan nan. Ni da abokiyar zamana, Allah ya jiƙanta, tare muke jin wannan waƙar. Ta nuna ni da ludayi, in nuna ta da muciya, mu yi ta dariya. Abin da ke cin rai, in aka waƙe shi ya rage nauyi. Da na haifi ubanku, ita ta yi mini wankan jego."

Har yanzu ba mu gama yarda da waƙar ba. Muna ganin akwai gidajen da irin wannan habaici zai zuba wa wuta fetur. Amma mun gane wani abu: a zamanin da mace ba ta da inda za ta faɗi damuwarta, taron suna da ƙwaryar amada su ne majalisarta. Haihuwa, kishi, bashi, neman na kai, burin zuwa Makka, duk abin da mata ke raɗawa a ɗaka, Barmani ta ɗaga murya ta faɗe shi a fili. Shi ya sa Iya ta ɓoye kaset ɗin tare da zannuwanta na fita kunya.

Kafin Goggo ta koma Ikara da rediyonta, muka ajiye waya kusa da lasifika muka naɗi kaset ɗin gefe biyu. Sautin bai kai na intanet kyau ba. Akwai kukan akuya a ciki, akwai tarin Goggo. Amma akwai muryar Iya tana amshi, kuma wannan ba za a same shi a ko'ina ba.

Da muka dawo Makarfi, garin rake, muka roƙi Umma da Inna su ranta mana jari. Yanzu muna sarin mazarƙwaila muna ƙullawa, muna kuma yin alewar madara ranar Asabar da Lahadi, ƙannenmu maza na kai wa masu shaguna. Ribar ba ta da yawa, amma muna tarawa a asusu ɗaya saboda kuɗin rajistar jarrabawar NECO da ke gabanmu. Da Baba ya ji dalili, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a tura masa abin da muka naɗa.

'Yan uwa ɗalibai, in hutu ya kai ku gidan kaka, kada ku ƙare shi kuna neman inda sabis ya fi ƙarfi. Ku tambaye ta waƙar da take so tun tana amarya, ku zauna ku ji tare har ƙarshe, sannan ku tambaye ta dalili. Mu da muka tambaya, mun tafi neman waƙa muka dawo da tarihin gidanmu.

Allah ya jiƙan Hajiya Barmani Choge, ya ba Iya lafiya.