Ruwan Wikki da Haƙƙin Jiki

Mutumin Unguwar Ya, ko na Birnin Kudu da Gwaram, ya saba da doguwar tafiya, amma da wuya ya sa hutu cikin lissafinsa. Masu yawon duniya da ke shafe makonni a jirgin ruwa sukan sauka a wata gaɓa don kawai su shiga tafkin ruwan ɗumi. Namu kuwa yana kusa, a gandun dajin Yankari na jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa masu ziyara tun 1962. Maɓuɓɓugar Wikki daga ƙarƙashin dutse take fitowa, zafin cikin ƙasa ne ke ɗumama ta, ruwan garau, ɗuminsa kusan digiri 31 rani da damina, har cikin hunturu. A ganina matafiyin da ya ratse can ya ba jikinsa haƙƙinsa ne.

Wani zai ce wannan shagalin masu kuɗi ne, manomi da ɗan kasuwa ina suka ga lokaci? Gaskiya akwai kuɗin mota da na shiga, amma jiki magayi, gajiyar da aka danne takan dawo da tsadar magani. Wani kuma zai ɗauka ruwan na warkar da cuta. Nan sai a yi hattara: ɗumi na sassauta jijiyoyi, ya kwantar da hankali, ciwo kuwa asibiti ake kai shi. Wanda Allah ya hore wa, ya je ya huta, ya bar wurin da tsabtarsa.