WAYAR DA TA ƘI MANTA UBANGIDANTA

Yau ku yi mini haƙuri, babu saurayi babu budurwa a cikin abin da na zo muku da shi. Wani al'amari ne da ya same ni a wajen sana'a cikin shekarar 2021, wanda har gobe in na tuna shi sai in ji kunyar kaina ta kama ni.

Ni dai sana'ata ja wa ofisoshi wayar intanet da haɗa musu kwamfutoci a nan Kano. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, likita ne, yana da ɗan asibitinsa mai hawa ɗaya. Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne, in mara lafiya ya rikice da dare a ɗakin sama, sai dai nas ta sauko da gudu, ko ta kira da wayar hannunta, in akwai kati kuma in akwai sabis. Ran nan ya aika aka kira ni, ya ce, "Kai ɗan nan, uwarka ta ce ka iya aikin intakom. To ga kuɗi, ka haɗa mini ɗakuna goma sha biyu. Amma ka sani ba kuɗin gwamnati ba ne, gumina ne."

Na ce, "In Allah Ya yarda, Kawu, ba za ka ji kunya ba."

Ga wanda bai san wayar IP ba, a ido kamar tarhon tebur take irin na zamanin NITEL, amma cikinta ƙaramar kwamfuta ce. Kebul ɗin intanet ake soka mata, ta nan magana ke bi, ta nan kuma take shan wuta idan suwic ɗin da aka jona ta mai ba da wuta ne. Sai kuma a samar mata uwa, wato kwamfutar da za ta riƙa raba kira tsakanin ɗakuna. Ni tsohuwar kwamfuta na samu na ɗora mata Asterisk, manhajar nan ta kyauta da Mark Spencer ya fara a 1999. Da na buga lissafi na ga sababbin wayoyi za su cinye kuɗin gaba ɗaya, sai na yi wa wani ɗan kasuwa da na sani a Computer Village ta Ikeja waya, ya ɗoro mini na hannu a mota: Yealink takwas, Polycom huɗu, ya kuma ƙara mini tsohuwar Cisco 7941 guda ɗaya a matsayin gyara. Na yi ta murna, na manta Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kwalin ya iso ranar Alhamis. Wayoyi tsaf, ko ƙwarzane babu. Na jona ta farko, ta kawo haske, na shiga wajen saiti, sai ta ce in kawo kalmar sirri ta shugaba. Na buga admin, wadda Yealink ke fitowa da ita daga kamfani, ta ƙi. Na koma kan Polycom na buga 456, ita ma ta ƙi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha uku, babu wadda ta buɗe mini ƙofa. Na kira mutumin Ikeja, ya ce shi ma a haka ya saro su cikin kwantena, bai taɓa kunna ko ɗaya ba. Nan fa gumi ya karyo mini, don waya irin wannan in ba ka shiga saitinta ka nuna mata sabuwar uwa ba, to ba ta da maraba da dutsen danne takarda.

Daren nan ban yi barci ba. Abin da na koya a cikinsa shi ne, kusan kowane kamfani ya bar wata ƙofar baya ga wanda wayar ke hannunsa, ta yadda zai mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Ta Yealink ta fi sauƙi: ka danne maɓallin OK na 'yan daƙiƙu, ta tambaye ka ko ka tabbata, ka amsa, ta shafe komai ta dawo kan admin. Polycom samfurin VVX kuwa sai ka cire mata wuta ka mayar, ka katse ta tana cikin tashi, ka danne 1 da 3 da 5 a lokaci guda, sannan a wajen kalmar sirri ka rubuta lambar MAC ɗinta. Wannan lamba tana liƙe a bayan kowace waya, haruffa da alƙaluma goma sha biyu, ta Polycom da dama tana farawa da 0004F2, kuma an tsara ta ne yadda kowace na'ura ke da tata. Wahalar kawai ita ce sauya madannai daga lamba zuwa harafi da yatsun da suka gaji.

Kafin in shafe ɗaya daga cikin Polycom ɗin, na tsaya na duba jerin lambobin da ke fuskarta. Akwai wajen da aka rubuta "gida" da Turanci, akwai wajen da aka rubuta "mama". Wani bawan Allah a wata ƙasa ya yi shekaru zaune gaban wayar nan yana kiran uwarsa lokacin hutun rana. Ban san shi ba, bai san ni ba, na danna maɓalli uku komai ya tafi. Na daɗe ina kallon fuskar wayar bayan ta dawo fara fat.

Ita kuwa Cisco, da hannuna na kashe ta. Na karanta cewa a danne # ana jona wuta, in fitilun layi suka fara ƙyaftawa a buga 123456789*0#. Zumuɗi bai bar ni na karanta sauran bayanin ba, inda aka ce kafin ka yi haka sai ka tanadi saba mai ɗauke da manhajar wayar, domin in ta tashi can za ta je nema. Ban tanada ba. Tun daga ranar take tsaye tana neman abin da babu. Rashin sani ya fi dare duhu, amma gaggawa ta fi shi ɓarna.

Da asuba ina da wayoyi goma sha biyu a buɗe. Na yi sallah, na ɗan runtsa, da hantsi na kwashe su na kai asibiti na jona a suwic ɗin da ke haɗe da intanet. Kawu na tsaye a kaina da kofin shayi. Ba a yi minti uku ba sai uku daga cikin Yealink ɗin suka mutu suka tashi da kansu, sunan wani kamfani na ƙasar waje ya fito a fuskarsu, admin kuma ta daina aiki. Na sake shafe su, suka sake komawa. Kawu ya ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, alhali cikina ya ɗuri ruwa.

Ashe akwai wani tsari da ake kira RPS. An yi shi ne don sauƙaƙa wa kamfanonin da ke ba ofisoshi layin waya: su yi rajistar lambar MAC a wajen masu ƙera wayar, ta yadda duk inda aka jona ta a duniya, da zarar ta ga intanet za ta tambaya wa ke da ita, a tura ta wajensa ta ɗauko saiti, har da kalmar sirri. A lokacin Polycom ma na da irinsa mai suna ZTP. Wato ni na wanke wa wayar ƙwaƙwalwa, amma sunan ubangidanta na rubuce a wani littafin da hannuna ba ya kaiwa.

Dabara tana nan, kuma na san ta. Tunda intakom ne na cikin gida, sai in shafe su in hana su ganin intanet har abada, shi ke nan. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Tsaya. Waya ta ce tana da mai ita, kai kuma ka ce za ka toshe mata baki? In ta sata ce fa? A nan ake karɓar haihuwa, a nan ake cikawa. Ba na son a kira ni kan mara lafiya da abin da ban san asalinsa ba. Ka nemi masu ita."

Na rubuta wa kamfanin nan wasiƙar imel, na haɗa da hoton takardar bayan kowace waya. Sai da aka kwana tara suka amsa. Suka ce ofishin da ya yi amfani da guda biyu ya rufe a 2020 lokacin korona, an yi gwanjon kayansa, mantawa aka yi ba a cire su daga rajista ba, kuma yanzu sun cire. Ta ukun kuwa haya aka ba da ita ba a dawo musu da ita ba, don haka ba za su sake ta ba. Kawu ya ce a ajiye ta gefe. Na sayi sabuwa da kuɗin aljihuna na cike gurbin, ita kuma tana nan cikin durowata tare da Cisco.

To, a cikin kwana taran nan ne abin ya dawo kaina. Na yi ta tsine wa wanda ya kulle waya ya tafi da makulli, sai na tuna ni ma abin da nake yi ke nan. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, ya sha gaya mini kada in kuskura in ba mai ofis kalmar sirri, don ita ce igiyar da za ta riƙa jawo shi wajena. Na riƙe wannan karatu hannu bibbiyu. Na zauna na lissafa: makaranta ɗaya, kantin magani biyu, ofishin lauya ɗaya, duk na'urorinsu da kuɗinsu suka saya, amma makullin na cikin kaina ni kaɗai. In mota ta kwashe ni a kan titin Zariya gobe, su ma haka za su kwana suna danne maɓallai suna neman ƙofar baya.

Ranar da na gama aikin asibiti, nas ta ɗaga waya a ɗakin sama ta buga 101, ta ofishin Kawu ta yi ƙara. Ya yi dariya kamar yaro. Na miƙa masa ambulan a manne, na ce, "Kawu, ga kalmomin sirrin duka, da na wayoyin da na kwamfutar. Ka sa a inda kake ajiye takardun fili." Ya juya ambulan ɗin ya ce, "Wa ya ce ka kawo?" Na ce babu kowa. Cikin makon na zaga sauran wurare huɗun da ambulan huɗu. Lauyan har ya tambaye ni ko barin gari zan yi.

Shawarata ga mai son sayen irin waɗannan wayoyi na hannu: kafin ka biya, a shafe ta a gabanka, a jona ta da intanet, ka ba ta minti goma ka ga ko za ta koma gidan tsohon ubangidanta. Ga 'yan uwana masu sana'a kuwa, kalmar sirrin mutum amanarsa ce a hannunmu, mu mayar masa tun muna da rai.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai wani jiƙon, in mai tsawon rai ya kai mu. Wassalam.